Ranar da Cintabaradan ta fi Madawa ruwa: labarin wani zane mai ɗakuna 12

Ɗiyar ƙanwata tana karatun digiri na biyu a fannin aikin gona a Yamai, can kuma ta tashi. Cikin watan Afrilu ta zo mana hutu Tawa, da kwamfutarta a jaka da kundin kammala karatun da ya rage mata babi ɗaya. Batun kundin shi ne ruwan sama da amfanin hatsi a jihar Tawa. Da yake ni ma da alƙaluma nake cin abinci, tun ranar da ta sauka ta ce, "Kawu, akwai zanen da za ka duba mini kafin in koma." Na ce to.

Alƙalumanta na ruwa daga CHIRPS ta ɗebo su, wato ƙiyasin ruwan sama da wata cibiya ta Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ke fitarwa, inda ake haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon tashoshin ƙasa, tun daga 1981. Ta fitar da matsakaicin ruwan kowane wata daga 1991 zuwa 2020, gunduma bayan gunduma, har gundumomi 12 na jihar. In aka zuba su duka a zane ɗaya sai su cakuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Don haka ta yi abin da ya dace: ta raba shafin zuwa ƙananan ɗakuna, kowace gunduma da ɗakinta, watanni a ƙasa, milimita a gefe, sunan gunduma a goshin ɗakin. A manhajar R, cikin ƙunshin ggplot2 da Hadley Wickham ya fitar a 2007, umarnin facet_wrap ne ke wannan aikin.

Zanen farko ya fito layi 3, kowane layi ɗaki 4. Da yake sunayen da rubutun Faransanci suke cikin teburin, ga yadda suka jeru: Abalak, Bagaroua, Birni N'Konni, Bouza a sama, Illéla, Keita, Madaoua, Malbaza a tsakiya, Tahoua, Tassara, Tchintabaraden, Tillia a ƙasa. R bai san arewa da kudu ba, abacada kawai ya sani. In ka ba shi sunaye ba ka faɗa masa jerinsu ba, zai bi harafin farko, ya cika ɗakuna daga hagun sama zuwa dama, ya sauko layi na gaba. Babu ƙarya ko ɗaya a wannan zanen, sai dai bebe ne. Ƙonni da ke bakin iyakar Najeriya ta zauna layi ɗaya da Abalak ta ƙasar makiyaya. Abin da duk ɗan jihar nan ya sani, cewa ruwa yana raguwa yadda kake nausawa arewa, ido ba zai same shi ba sai ya yi ta tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Malaminta ya ga haka, ya ce ta jera su daga arewa zuwa kudu. Shawarar ta yi, kuma jihar Tawa ta ba da kanta ga wannan tsarin kamar da gangan: gundumomi 4 na arewa a layin sama, 4 na tsakiya a tsakiya, 4 na kudu a ƙasa, kowane layi kuma daga yamma zuwa gabas. Tiliya, Tasara, Cintabaradan, Abalak. Bagaruwa, Illela, Tawa, Kaita. Ƙonni, Malbaza, Madawa, Buza. Shafin ya zama kusan taswira.

Ta rubuta jerin a wani abu da ta sa wa suna jeri, sannan ta ƙara layi biyu:

ruwa$gunduma <- as.factor(ruwa$gunduma)
levels(ruwa$gunduma) <- jeri

Ta sake zanawa. Sunaye suka fito yadda malam ya ce, Tiliya a hagun sama, Buza a daman ƙasa. R bai yi tari ba, bai fitar da gargaɗi ko na layi ɗaya ba. Da wannan zanen ta zo Tawa.

Abin da tsoho ya gani

Sai in faɗi nawa laifin tun da wuri. Na duba zanen a kwamfutarta, na ce rubutun goshin ɗakunan ya yi ƙanana, launin ginshiƙan kuma ba zai fito ba in an buga da baƙar tawada. Iyakar abin da na gani ke nan. Na kalli ado, ban kalli ruwa ba.

Washegari da la'asar aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu waje. Muna zaune a zaure ana dafa shayi, ita tana fifita da takardar da ta buga zanen a kai. Mahaifina yana gefe bisa buzunsa. Shekarunsa na ƙarfi a fataucin dabbobi ya yi su, yana saye a kasuwannin arewa yana korowa kudu, don haka babu gundumar da ke kan takardar da bai kwana cikinta ba. Bokonsa kaɗan ne, amma yana haɗa baƙi. Ya miƙa hannu ya ce, "Amarya, kawo in ga abin da ya hana ki dafa mini tuwo." Ta ba shi tana dariya. Ta nuna masa cewa kowane ɗaki gari ne, tsawon ginshiƙi kuma yawan ruwa ne, mai tsawon nan na tsakiya shi ne Agusta.

Ya riƙe takardar nesa da ido, ya ɗora yatsa a ɗaki na 3 na layin sama. "Wannan ina ne?" Ta ce Cintabaradan. Ya sauko da yatsan layin ƙasa, ɗaki na 3. "Wannan fa?" Ta ce Madawa. Ya yi shiru, ya sake kallon na sama, inda ginshiƙan Yuli da Agusta suka miƙe kamar dawa a fadama, ya kalli na ƙasa, inda suka tsuguna.

"Amarya, ko dai kin riƙe takardar a kife ne? Yaushe Cintabaradan ta fi Madawa ruwa? Da haka ne, me zai kai Buzaye sayen hatsi kudu?"

Ta ce, "Kaka, ni ma na yi mamaki. Amma wannan awon na tauraron ɗan'adam ne, a arewa tashoshin awo ba su da yawa, yana iya yin kuskure. Na ma rubuta haka a kundin."

Ya ce tauraron nan a kai shi asibiti. Ya mayar mata da takardar ya karɓi shayinsa.

Maganarta ce ta tsayar da ni fiye da tasa. Ashe ta ga abin, ranta bai kwanta ba, sai ta nemo masa dalili. Dalilin kuma ba na banza ba ne, don gaskiya ne ƙiyasi irin wannan ya fi inganci inda tashoshin ƙasa suke da yawa. Ta cika sakin layi biyu tana bayanin raunin awon a yankin makiyaya, da kyakkyawan Faransanci, ta tura wa malaminta tun kafin ta taso. Wanda ya yi karatu yana da wannan hatsarin: kowane kuskure zai iya ɗinka masa riga. Tsoho ba shi da zaren ɗinkin, shi ya sa ya ga abin tsirara.

Da wuta ta dawo na ce ta buɗe teburin asali, wanda ba a taɓa ba, ta karanta mini ruwan Agusta na Birni N'Konni. Ta karanta. Na ce ta duba tsawon ginshiƙin Agusta a ɗakin da aka rubuta Tchintabaraden. Daidai wa daida.

Allon ƙofa da mai ɗaki

Abin da R ke kira factor ba sunaye yake ajiyewa a kowane layi ba. Lambobi yake ajiyewa, 1 zuwa 12, sannan a gefe guda ya riƙe jerin sunaye: lamba 1 sunanta kaza, lamba 2 sunanta kaza. Da ta ce as.factor, ya raba lambobin bisa abacada, Abalak ta zama 1, Bagaroua 2, Birni N'Konni 3, har Tillia 12. Layinta na biyu bai taɓa lambobin ba. Jerin sunayen kawai ya share ya rubuta sabo a kai. Kamar gidan haya ne mai ɗaki 12, kowace ƙofa da allon sunan mai ɗakin. Aka ce mata ta sake wa 'yan haya ɗakuna, ita kuwa ta ciccire allunan ta kafa su a wasu ƙofofin, mutane na ciki ba wanda ya ɗaga tabarmarsa.

Mun zauna mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan Abalak yana ƙarƙashin sunan Tiliya, na Bagaruwa yana ƙarƙashin Tasara, na Ƙonni yana ƙarƙashin Cintabaradan, na Buza yana ƙarƙashin Abalak. A layin ƙasa, wanda ya kamata ya fi kowanne ruwa, Malbaza na ɗauke da ruwan Tasara, Madawa na Cintabaradan, Buza na Tiliya. Cikin 12 babu ko ɗaya da sunanta ya faɗa kan ruwanta.

Me ya sa bai yi ihu tun kallon farko ba? Don ɗakin da ido ke fara sauka, na hagun sama, ya yi kama da gaskiya: Abalak da Tiliya duk arewa ne, ginshiƙansu gajeru. Farkon layin tsakiya ma haka, Illela ta shiga rigar Bagaruwa, Kaita ta shiga ta Illela, maƙwabta ne, ba mai rarrabe su da ido. Kuma kowane ɗaki yana da siffar damina ta ƙwarai, ruwa ya fara wajen Yuni, ya kai ƙololuwa a Agusta, ya janye a Satumba. Zanen da ya lalace fili, wanda watanninsa suka hargitse, ba ya cutar kowa don ba mai yarda da shi. Wannan kuwa tsaf yake.

Gyaran layi ɗaya ne, a kan teburin asali:

ruwa$gunduma <- factor(ruwa$gunduma, levels = jeri)

Bambancin shi ne nan R yana ɗaukar sunan da ke kowane layi, ya nemo shi cikin jeri, ya ba shi lambar matsayinsa. Mai ɗaki ne ya tashi da kayansa da allonsa. Akwai wani ramin mai kama da na farko da ya kamata a sani: in ka rubuta labels a madadin levels cikin wannan umarnin, ba ka ba da levels ba, ka sake yin kuskuren nan dai, don labels ma bisa matsayi yake liƙa suna. Ƙunshin forcats yana da fct_relevel da ke sake jeri ba tare da taɓa suna ba, kuma yana da halin kirki ɗaya: in ka ba shi sunan da babu shi a teburin zai yi gargaɗi.

Na ce "teburin asali" da gangan. Layin nan nata ba zanen kaɗai ya ɓata ba, teburin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ya ɓata. Duk lissafin da ya biyo bayansa a takardar umarnin ya sha daga wannan rijiyar. Akwai jadawali ɗaya na jimillar ruwan shekara, akwai kuma wurin da ta haɗa teburin ruwa da na amfanin hatsi ta hanyar sunan gunduma, wato hatsin Madawa ya auri ruwan Cintabaradan. Ba mamaki da ta yi ta kukan cewa dangantakar ruwa da amfani ta ƙi fitowa. Sai da muka rufe R muka tayar da shi daga farko.

Muka gudanar da sabon layin, sai ga wata kuma. Ɗakuna 12 sun fito, amma Illela ta ɓace, Tawa ta matso gurbinta, kowa ya gusa mataki ɗaya, a can ƙarshe ga ɗaki mai suna NA, alamar R ta abin da bai samu ba. A jerinta ta rubuta Illela, a teburin kuwa Illéla ne da alamar Faransanci bisa e. Ga R waɗannan garuruwa biyu ne daban. Sunan da bai samu a jeri ba ya mayar da shi NA shiru, ya tara layukansa a ɗakin ƙarshe. Birni N'Konni ma tana yin haka in ɗaurin da ke bayan N ɗin miƙaƙƙe ne a wuri ɗaya, lanƙwasasshe a ɗayan, abin da kan faru in an kwafo suna daga Word. Tun daga ranar na sa ta ƙara abu biyu da ba a tsallakewa. Kafin sake jeri, umarnin setdiff, mai nuna sunan da ke jeri ɗaya babu shi a ɗayan, tsakanin sunayen teburi da na jeri, ta kowane ɓangare, kada ya bar komai. Bayan sake jeri kuma, ta ajiye tsohon rukunin sunaye a gefe ta haɗa shi da sabon da umarnin table, ta ga kowace gunduma da kanta kaɗai ta haɗu. Da an yi wannan na biyun a Yamai, da a take za a ga Abalak ta haɗu da Tillia.

Sunayen goshi

Bayan jeri ya zauna sai maganar rubutun goshin ɗakuna. Kundin da Faransanci za a kare shi, amma tana so ta nuna zanen a wani zama da manoma, inda Madawa da Buza za su fi Madaoua da Bouza shiga ido. A nan ne hannunta ya sake miƙawa wajen levels, na riƙe shi. Teburi ba a taɓa shi don kwalliya. Ana rubuta ƙaramin ƙamus ne a gefe, kowane suna ɗaure da abokinsa:

suna <- c("Madaoua" = "Madawa", "Bouza" = "Buza", "Birni N'Konni" = "Birnin Ƙonni")

haka har 12, sannan a miƙa shi ga facet_wrap ta hanyar labeller = as_labeller(suna). Amfaninsa shi ne da suna yake ɗaurewa, ba da matsayi ba. Ko ka hautsina jerin ƙamus ɗin, ko ka sake jerin ɗakunan gobe, Madawa tana bin Madaoua duk inda ta je. Da ƙamus biyu ta samu zane biyu daga teburi ɗaya.

Harafin Ƙ ya ba mu ɗan wahala. A fuskar kwamfuta ya fito lafiya, da aka adana shi PDF sai ɗigo ya maye gurbinsa, don na'urar pdf ta asali a R ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba, ko da yake é ba ya gagararta. An ce wa ggsave, umarnin adana zane, ya yi aiki da na'urar cairo_pdf, Ƙonni ta dawo da ƙugiyarta. Tchintabaraden kuma ta yi wa goshinta tsawo. Akwai label_wrap_gen da ke karya dogon suna zuwa layi biyu, amma a wurin tazara yake karyawa, ita kuwa kalma ɗaya ce, sai muka rage girman rubutu ta strip.text muka huta.

Ta tambaye ni ko ta sa scales = "free_y", don ɗakunan arewa sun zama kusan wofi, ginshiƙansu na rarrafe a ƙasa. Na ce a'a. Wannan zaɓin yana ba kowane ɗaki ma'auninsa, sai Agustan Tasara ta kai rufi yadda ta Ƙonni ta kai. Yana da wurinsa, in abin da kake nema shi ne wane wata ruwa ke farawa a kowace gunduma. Amma nan duk wahalar jera su daga arewa zuwa kudu don a ga raguwar ne. Wofin da ke ɗakin Tasara shi ne labarin. Shi ne dalilin da tun 1961 dokar ƙasa ta shata iyakar noma ta arewa ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya.

Zane na biyu a babin na amfanin hatsi ne a shekarun baya, har da 2004, shekarar fari da fara da ta haifar da yunwar 2005. A lokacin gundumomin jihar 8 ne. Sai a 2011 aka cire Tasara da Tiliya daga Cintabaradan, Bagaruwa daga Illela, Malbaza daga Ƙonni. Da facet_wrap ya ga 4 ba su da alƙaluma sai ya zubar da ɗakunansu, sauran suka matso, taswirar ta rushe. drop = FALSE ya dawo da su a matsayin ɗakuna wofi, kowace gunduma ta tsaya inda mai karatu ya saba ganinta a zanen farko. Sai dai ɗaki wofi a zanen amfanin gona yana iya zama kamar ba a girbe komai ba, don haka a ƙamus ɗin wannan zanen muka ƙara wa huɗun bayani a goshi, irin su "Malbaza, tana cikin Ƙonni kafin 2011".

Da dare, tana sake rubuta sakin layin nan biyu da ta zargi tauraro a cikinsu, na ba ta labarin sha'ir na jihar Minesota ta Amurka don ta daina jin kunya. William Cleveland da abokan aikinsa a Bell Labs ta Amurka su ne suka yaɗa irin wannan zane mai ɗakuna a shekarun 1990, kuma shi yana cikin masu cewa kada a bar wa abacada jerin ɗakuna, a jera su bisa girman abin da ake aunawa. Akwai tsoffin alƙaluman gwajin sha'ir iri 10 a wurare 6, na 1931 da 1932, da masana suka daɗe suna lissafi a kansu. Da ya zana su ɗaki-ɗaki sai aka ga a wurare 5 amfanin 1931 ya fi na 1932, a Morris kaɗai abin ya juye. Ya yi zargin an musanya shekarun ne wajen rubutawa. Daga baya wasu sun binciki tarihin noman wurin suka ce mai yiwuwa alƙaluman daidai suke. Ta ce, "To Kawu, shi ma ke nan bai tabbata ba." Na ce shi dai da ya ga ɗaki ɗaya ya saɓa wa sauran, tambayar da ya fara yi ita ce ko sunan da ke ƙofar na mai ɗakin ne.

Jeri bisa girma, wanda fct_reorder ke yi a layi ɗaya, mun gwada shi ma. Ya fito kusa da namu, don a jihar nan ruwa da kudu tafiyarsu ɗaya. Muka bar na taswira, saboda manomi wurin garinsu zai nema a takarda, ba matsayinsa a gasar ruwa ba.

Ta aika wa malaminta sabon zanen da bayanin abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Da safe ta buga shi a wani shagon buga takardu ta kawo wa tsoho. Ya bi layin sama da yatsa, ya gyaɗa kai, ya bi na tsakiya, ya sauko na ƙasa ya tsaya a ɗakin ƙarshe.

"Buza kuma me ta zo yi nan wajen su Ƙonni? Ai ƙasar duwatsu ce, 'yar uwar Kaita."

Ta ce, "Kaka, kowane layi huɗu yake ɗauka, tsakiya ya cika."

Ya ce wannan matsalar takardarki ce, ba ta Buza ba. Ta dube ni. Na ce ta bar ta inda take, amma ta rubuta ƙarƙashin zanen cewa layukan jeri ne daga arewa zuwa kudu, ba rabon yankunan noma ba ne. Ta rubuta, ta karanta masa. Ya ce shi dai bai yarda ba, a kawo masa furarsa.